Tsibirin Masu Kuɗi da Kwale-kwalen Shagari

Duk lokacin da hutun ƙarshen shekara ya zo, ko aka sauko daga Sallah, wayoyin mutane kan cika da hotuna iri ɗaya: farin rairayi, shuɗin teku, ɗakin da aka kafa a kan ruwa, faranti shaƙe da kifi da jatan lande, ga wani attajiri ko ɗan siyasa ya ɗora farar hula yana riƙe da sandar golf a kan ciyawa kore shar. Wani a Maldibi yake, wani a Zanzibar, wani a Moritus, wanda aljihunsa bai kai can ba kuma ya tsallaka Ilashe a bayan Legas. Daga nan sai a soma tambayar da aka saba a majalisun hira da shirye-shiryen rediyo: mu me ya hana mu yi namu? A Sakkwato masu wannan tambaya ba su rasa abin nunawa ba. Ga filin jirgin sama na Sultan Abubakar III a kan hanyar Boɗinga, ga madatsar ruwa a Shagari ƙasa da tafiyar sa'a guda daga birni, ga fili fetal ko'ina, ga sunan tsohon shugaban ƙasa da kowa ya sani. A ganinsu abin da ya rage shi ne a samu mai kuɗi ya gina otal a bakin ruwa, ya shimfiɗa filin golf, ya zagaye da katanga. Tambayar tana da hujja, domin hutu babbar sana'a ce a duniya, kuma kuɗin da 'yan Najeriya ke kaiwa waje don shaƙatawa ba kaɗan ba ne. Amsar ce ke buƙatar gyara. Wuraren shaƙatawa na tsibirai sun tsaya ne a kan abu uku: keɓe baƙo daga mutanen gari, da ruwa mai yawa wanda ba a lissafi da shi, da baƙon da ke biya da dala. Babu ɗaya cikin ukun da Boɗinga da Shagari za su samar ba tare da talakan wurin ya biya da gonarsa ko da ruwan shansa ba. Abin sayarwarsu daban ne, kuma hanyar kaiwa gare shi tana farawa daga lafiyar wanda ke zaune a wurin.

Wannan salon hutu na golf da cin abinci da kwanciya a bakin teku ya samu siffarsa ta yau ne a wurare irin su tsibirin Hilton Head, a gaɓar jihar Karolina ta Kudu a Amurka. Yau tsibirin yana da filayen golf fiye da 20, yana karɓar baƙi fiye da miliyan 2 a shekara, alhali mazaunansa ba su kai dubu 40 ba. Kafin 1956 ko gada babu. Galibin mazaunan a lokacin al'ummar Gullah ce, jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma, waɗanda bayan yaƙin basasar Amurka suka mallaki gonaki suka zauna suna noma da kamun kifi. A tsibirin ne aka kafa Mitchelville a 1862, ɗaya daga cikin garuruwan farko da 'yantattun bayi suka yi mulkin kansu. Da aka gina gada a 1956, wani matashi mai suna Charles Fraser ya fara unguwar Sea Pines, mai ƙofa da maigadi, gidaje a cikin itatuwa, filin golf a tsakiya. A 1969 aka fara gasar golf a filin Harbour Town, daga baya talabijin ya nuna wa Amurkawa wurin, kasuwa ta buɗe. Tsibirin Kiawah da ke jihar ya bi sahu bayan wani kamfanin Kuwait ya saye shi a 1974, har ya karɓi gasar Kofin Ryder a 1991.

Ta fuskar kasuwanci babu wanda zai ce an yi asara. Amma yadda ƙasar ta fita daga hannun masu ita shi ne abin da manomin Shagari zai gane tun kafin a gama ba shi labari. Darajar fili ta tashi, harajin fili ya tashi da ita, mai ƙaramar gona ya kasa biya. Yawancin gonakin kuma na gado ne, kakanni sun mutu ba wasiyya a rubuce, jikoki da dama suna tarayya a kan fili ɗaya ba a raba ba. Dillali sai ya nemo wani jika da ya daɗe da komawa birni, ya sayi kasonsa, sannan ya je kotu ya nemi a sayar da filin gaba ɗaya a raba kuɗi. Ta haka gidaje da yawa suka tashi. Har yanzu akwai maƙabartun Gullah da suka rage a cikin unguwannin masu kuɗi, ɗaya tana nan daf da filin Harbour Town a tsakanin gine-ginen baƙi, kuma mai son ziyarar kabarin kakansa sai ya bi ta ƙofar maigadi. A Najeriya hanyar ma ta fi sauƙi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta ba shi ikon karɓe fili don amfanin jama'a, diyyar kuwa ta abin da ke kan ƙasar ce, gini ko shuka, ita ƙasar kanta ba ta da kuɗi. Tsohuwar jihar Sakkwato ta ga inda wannan ke kaiwa a Bakolori, kusa da Talata Mafara, inda aka kammala madatsar ruwa a 1978, manoman da aka tasa suka yi ta neman diyya, har a watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Alƙaluman gwamnati da na mutanen yankin kan yawan waɗanda suka mutu sun yi hannun riga har gobe. Shugaban ƙasa a lokacin ɗan Shagari ne, kuma aikin na noman rani ne, wanda aƙalla ana iya cewa don abinci aka yi shi. Wanda zai karɓi fadamar mutane don a buga ƙwallo a kanta ba shi da ko wannan uzurin.

Sai maganar ruwa, wadda ita kaɗai ta isa ta rufe zancen. Cikakken filin golf mai rami 18 yana cin fili kamar hekta 50 zuwa 60, kuma ciyawarsa ba ta san rani ba, dole ta sha kullum. A wuraren zafi, abin da fili ɗaya ke sha a rana ana ƙirga shi ne da miliyoyin lita. Sakkwato kuwa ruwan samanta bai cika wuce milimita 700 a shekara ba, yana sauka tsakanin Yuni da Satumba, sauran watannin rana ce da hunturu, a watan Afrilu zafi ya haura digiri 40. Duk litar da ciyawar golf za ta sha a Shagari daga bakin albasa da tattasai da alkamar wani za a ɗauke ta, ko daga bakin garken shanun da ke saukowa mashaya da rani. Ba hasashe ba ne, an gani a wasu wurare. Wani bincike da ƙungiyar Tourism Concern ta Birtaniya ta fitar a 2012 ya nuna cewa a wasu ƙauyukan bakin teku na Zanzibar, baƙon otal yana amfani da ruwa ninki 16 na abin da ɗan ƙauyen ke samu a rana. Masu son wasan za su ce ai ana buga golf a ƙasashen Sahel ba tare da ciyawa ba, kuma gaskiya ne. Tun zamanin Turawa filaye da dama a arewacin Najeriya rairayi ake kwaɓawa da mai a daddaɓe kewayen rami, a ja shi ya yi sumul kafin mai wasa ya tura ƙwallo. A filin da ke wajen Yamai, a gefen kogin Neja, ɗan wasa kan yi yawo da guntuwar ciyawar roba yana ɗora ƙwallo a kai kafin ya buga. Wannan dabara ce mai kyau ga ma'aikacin banki ko hafsan soja da ke son motsa jiki da yamma. Amma ba wanda zai hau jirgi daga Landan ko daga Legas don ya buga ƙwallo a kan rairayi mai warin baƙin mai. Filin da zai jawo baƙon dala shi ne wanda ruwanmu ba zai ɗauka ba.

Kafin ma a kai ga baƙo, a dubi abin da ruwan Shagari ke yi wa 'ya'yan Shagari. A watan Afrilun 2022 kwale-kwale ya kife da mutanen ƙauyen Gidan Magana, mutum 29 suka rasu, galibinsu yara da matasa, a kan hanyar nemo itacen girki. Shekara ɗaya bayan nan, a watan Mayun 2023, wani ya sake kifewa da yaran ƙauyen Dandeji, aƙalla 15 suka rasu, su ma itace suka tafi nema. Duk wanda ya san mashigan ruwa a wannan yanki ya san siffar jirgin: katako ne da ya sha shekaru, an cusa tsumma a tsagunsa, an ɗora masa mutane har bakinsa ya kusa daidaita da ruwa, yaro ɗaya yana tsakiya yana kwalfe abin da ke shigowa da gwangwani. Babu rigar ruwa ko ɗaya. Idan iska ta taso a tsakiya, ko wani ya firgita ya miƙe tsaye, shi ke nan. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997, tana da ƙa'idoji kan sa rigar ruwa da hana lodi fiye da kima da hana tafiyar dare, amma ƙa'idar da ba mai tsaron ta a bakin mashigi ba ta ceci kowa ba. Ban da nutsewa, ruwan da ke kwance a madatsu gidan tsargiya ne, wadda ƙananan dodon koɗi ke yaɗawa, shi ya sa yaran ƙauyukan bakin ruwa da yawa ke fitsarin jini har ana ɗaukar abin kamar ba cuta ba. Wannan shi ne ruwan da ake son a kira baƙo ya yi ninƙaya a cikinsa. Abin da mutum ke biya a tsibirin shaƙatawa ba teku ba ne, teku kyauta ce. Yana biyan tabbacin cewa jirgin da zai hau an duba shi, ruwan da zai sha an tace shi, in ya faɗi akwai likita. Wurin da bai ba ɗansa wannan tabbaci ba, ba zai iya sayar wa baƙo da shi ba.

Arewa ta taɓa gwada gina otal a bakin madatsa, kuma sakamakon yana nan a fili. Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975, mutum ne mai hangen nesa, ya gina madatsun ruwa ya kuma kafa wuraren hutu a gefensu. Otal ɗin tafkin Bagauda ya yi tashe a zamaninsa, yau harabar Makarantar Horar da Lauyoyi ce. Otal ɗin Rock Castle na Tiga ya shafe shekaru yana lalacewa. Madatsun kuwa suna nan suna shayar da shinkafar Kura da Kadawa. A kudu ma, inda akwai ruwa da ciyawa, Tinapa ta Kalaba da aka buɗe a 2007 bayan an narka mata ɗaruruwan miliyoyin daloli ta koma wurin da shagunansa ke rufe. Gini ba ya haifar da baƙi.

Akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren, kuma bai dace a tsallake ta ba. Maldibi ƙasar Musulmi ce, mai mutum kusan rabin miliyan, wadda a 1972, lokacin da aka buɗe Kurumba, wurin shaƙatawarta na farko, tana cikin matalautan ƙasashen duniya. Yau tana karɓar baƙi kusan miliyan 2 a shekara, kuma kuɗin yawon buɗe ido ne ya gina mata makarantu da asibitoci. Mai goyon bayan babban otal zai ce ga shaida: jari mai yawa yana kawo aiki, yana kawo haraji, ƙananan sana'o'i kuma ba sa fitar da jiha daga talauci. Amsa ita ce Maldibi tana da abin da ba a iya ƙirƙira. Tana da tsibirai fiye da dubu, mafi yawansu ba kowa a kansu, don haka ta ba da hayar ƙasa ba tare da ta tashi gari ba. Ruwan otal-otal ɗin daga teku ake tace shi, ba daga rijiyar wani ba. Kuma duk da haka ta biya farashi: sai da ta mai da wani wuri mai suna Thilafushi tsibirin zuba shara tun 1992, kuma kaso mai yawa na ma'aikatan otal-otal ɗin baƙi ne daga Bangaladash da Indiya da Siri Lanka. A bakin madatsar Shagari babu taƙin ƙasar da ba mai ita. Ko gona ce, ko burtali, ko mashaya, ko wurin da masunci ke shanya taru. A Legas ma, inda teku take, an ga yadda abin ke ƙarewa ga mai ƙaramin ƙarfi: a Janairun 2020 sojojin ruwa suka tashi dubban mazauna Tarkwa Bay cikin ɗan lokaci, bisa zargin fasa bututun mai, a wurin da mutanen birni ke zuwa hutu.

Wani sukan daga ɗaya gefen yake zuwa, daga waɗanda ke cewa maganar yawon buɗe ido gaba ɗayanta ƙofar ɓarna ce, giya da tsiraici ne za su biyo baya, kuma jihar da ke aiki da shari'a ba ta da abin yi da ita. Tsoron yana da tushe in har salon tsibiri ake nufi, domin ita kanta Maldibi ta warware matsalar ne da raba ƙasa biyu, giya halal a tsibirin baƙi, haram a tsibirin 'yan ƙasa, abin da ba Basakkwacen da zai yarda a yi masa a bayan gida. Sai dai abin lura shi ne abin da Maldibin ta yi daga 2009, lokacin da ta ba mazauna tsibiran izinin buɗe ƙananan gidajen baƙi a cikin garuruwansu. A tsibiri irin Maafushi baƙo yana kwana a gidan ɗan gari, yana cin abincin ɗan gari, ba giya, yana kiyaye sutura a cikin gari, kuɗin kuma yana shiga aljihun iyalai kai tsaye. Wato ko a can, da aka nemi talaka ya amfana, katangar aka rage. Kuma tafiya don gani da koyo ba baƙon abu ba ne a ƙasar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Malamanta da almajiransu matafiya ne tun asali.

A nan ne Boɗinga ke da abin da Hilton Head ba za ta saya da kuɗi ba. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Boɗinga a yau, daga wajajen 1810 har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato, inda ya rasu a 1817. Ƙanensa Malam Abdullahi yana zaune a Boɗinga, kusa da shi. A waɗannan shekaru ne aka raba kula da daula, gabas ga Muhammadu Bello, yamma ga Abdullahi. A cikinsu ne Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, Abdullahi ya rubuta Tazyinul Waraƙati a 1813, Shehu kuma ya janye daga harkar mulki ya duƙufa ga karantarwa da rubutu, ɗalibai suna zuwa masa daga nesa. Wato shekarun da daula mafi girma a Afirka ta Yamma a ƙarni na 19 ta zauna ta tsara kanta, a wannan ɗan tsakanin aka yi su. Gaba kaɗan a kan hanyar Tambuwal ga Shagari, inda aka haifi Alhaji Shehu Shagari a 1925, malamin makaranta, marubucin Waƙar Nijeriya, Turakin Sakkwato, zaɓaɓɓen shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983, kuma a nan aka binne shi a Disambar 2018. Mota tana wuce waɗannan garuruwa da gudu kullum, cike da fasinjojin Jega da Kontagora da Legas, mafi yawansu ba su san abin da suka wuce ba, domin babu abin da zai gaya musu.

Wane ne baƙon da zai zo? Ba Baturen da ke neman rana ba ne. Ɗalibin sakandare ne daga Gusau ko Katsina da malaminsa ya kawo ajinsu, da ɗalibin jami'a mai rubuta kundi, da iyalin da suka zo ziyarar Hubbaren Shehu daga Adamawa ko Ilori ko Ƙonni ko Maraɗi, da zuriyar masu tuta da ke son ganin inda kakanninsu suka yi karatu, da ma'aikacin da ke neman inda zai kai 'ya'yansa ranar Asabar. Waɗannan mutane suna nan, suna zuwa Sakkwato tuntuni, sai dai su yi ziyara su juya a yini ɗaya saboda ba a shirya musu komai a gaba ba. Wanda ke ganin irin wannan baƙo ba shi da kuɗi ya dubi Senegal, inda taron Magal na Tuba ke tara miliyoyin mutane duk shekara, ya kuma tuna yawan 'yan Najeriya da ke ɗaukar doguwar hanya zuwa Kaulaha don Maulidi, suna kashe kuɗin mota da masauki da abinci da tsaraba. Kusa da gida ma ga Argungu. Bikin kamun kifinta ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai a 1934, wadda ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan gadon al'adun duniya a 2016. Ba a shigo da komai daga waje ba don a yi shi: kogin Matan Fada ne, da gora, da homa, da masunta da ke sana'arsu tun kaka da kakanni. Argungu tana kuma koyar da ɗaya darasin, domin bikin ya tsaya kusan shekara 10 kafin a dawo da shi a 2020, kuma taron kwana huɗu a shekara ba ya riƙe otal wata 12. Abin da ke riƙe masauki shi ne ƙananan baƙi masu zuwa kowane mako.

Abinci kuwa, wanda yake ɗaya daga cikin abubuwan da tsibirai ke tallatawa, a nan ne yankin ya fi ƙarfi kuma ya fi sakaci. Otal ɗin tsibiri yakan shigo da naman sa da cuku da 'ya'yan itace ta jirgi, kuɗin ya sake ficewa ta inda ya shigo. A tsakanin Boɗinga da Shagari komai a ƙofar gida yake: tarwaɗa da ƙarfasa daga ruwa zuwa wuta, ko banda mai ƙamshin hayaƙi, fura da nonon da aka tatso da safe, hoce, masa, tuwon shinkafa, balangu da kilishi, albasa da tafarnuwar fadama da ake lodi zuwa kudu. Ga fatar jar akuyar Sakkwato, wadda Turawa suka daɗe suna saye da sunan fatar Maroko, dukawa suna iya mai da ita tsarabar da baƙo zai tafi da ita. Abin da ya hana matafiyi tsayawa ya ci ba rashin daɗi ba ne. Rashin rumfa mai tsabta ne, da ruwan wanke hannu, da makewayin da mace za ta iya shiga, da wurin alwala da sallah, da inda za a ajiye mota ba a kan kwalta ba. Mata ne ke da mafi yawan wannan sana'a, kuma su ne na farko da babban otal ke turawa bayan katanga.

Za a ce jihar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana a 2022 cewa kusan kashi 90 cikin 100 na mutanenta suna cikin talauci ta fuskoki da dama, mafi yawa a duk ƙasar, ba ta da lokacin zancen hutu. Wannan suka ya dace da filin golf, bai dace da abin da ake magana a nan ba. Jirgin ruwa mai inganci da rigunan ruwa, da hanyar da ta shiga Sifawa lafiya, da rijiyar burtsatse, da makewayi a kasuwa, da maganin tsargiya a makarantu, duk abubuwa ne da mazauna ke buƙata ko baƙo bai taɓa zuwa ba. In baƙi sun zo, riba ce a kan riba. In ba su zo ba, ba a yi asarar ko kwabo ba, saɓanin otal mai ɗaki 200 da zai zama gidan jemagu. Sukan da ya fi nauyi shi ne na tsaro. 'Yan bindiga sun addabi gabashin jihar shekara da shekaru, hare-harensu sun kai ƙauyukan Tureta da na Shagari, Lakurawa kuma sun ɓulla ta Tangaza da Gudu. Ba uban da zai ɗauki 'ya'yansa ya kai su inda ake satar mutane. Amma wannan ma hujja ce a kan katanga, ba hujja ce gare ta ba. Otal ɗin masu kuɗi a tsakiyar ƙauyukan da ake kai wa hari zai janye 'yan sandan da ke akwai zuwa ƙofarsa, ya bar manomi a fili, ya kuma zama abin hari shi kansa. Tsaron da zai sa malamin makaranta ya yarda ya kawo ɗalibai 40 Sifawa shi ne dai tsaron da zai bar manomi ya kwana a gidansa, ba a raba su.

A Oktoban 2024 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry, mai tsawon fiye da kilomita 1,000, wadda ake danganta tunaninta da zamanin mulkin Shagari. In Allah ya sa aka gama ta, Basakkwacen da ke marmarin teku zai isa bakinta cikin sauƙi, kuma babu laifi ya je. Hanyar za ta kuma kawo mutane arewa, tare da dillalan filaye da za su zo da zanen otal a takarda mai sheƙi. Kafin su iso, akwai aikin da bai wuce ƙarfin jiha da ƙananan hukumomin biyu ba. A yi wa kowane jirgin da ke ɗaukar mutane a Shagari rajista, a rubuta masa iyakar lodinsa, a ajiye rigunan ruwa a hannun sarkin ruwan kowane mashigi, a ba shi alawus da ikon hana tashi. A taimaka wa iyalan da ke da gonaki a bakin madatsa su samu takardar filayensu. Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su tantance wuraren tarihi na Sifawa da Boɗinga, a kafa alluna da Hausa da ajami da Larabci da Turanci, a horar da 'yan garin su zama masu yi wa baƙi bayani. A yi magana da iyalan marigayi Shagari kan ɗakin adana takardunsa da hotunansa a garinsu. Shugabannin ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari, da 'yan majalisar da ke wakiltarsu, su sa rigunan ruwan nan a kasafin kuɗi tun yanzu, kada a jira sai damina ta sauka ruwa ya cika.